Likita ya ce in ƙarfafa tsoka saboda suga, ta ina zan fara?

Baban Sadik: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Na yi gwajin sukarin jinin nan da ake kira HbA1c, ya nuna 6.2. Likita ya ce ciwon suga bai kama ni ba tukuna amma ina dab da shi, wai jikina ya rage jin insulin, sinadarin da ke rage sukari a jini. Ya ce in rage tumbi, in kuma fara motsa jiki na ƙarfafa tsoka. Ni da nake wuni zaune a shago a Agege, ga furfura, yanzu kuma ɗaga ƙarfe zan koma?

Alhajin Alaba Rago: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara afuwa. Ka samu shuwaka ka matse ka riƙa shan ruwan da sassafe, ka haɗa da zogale. Ɗaga ƙarfe ai na samari ne.

Sista Maman Hanan: Alhaji, a yi kwaɗon zogale, a sa shuwaka a miya, duk abinci ne mai kyau, amma ba za su tsaya a madadin abin da likita ya ce ba. Baban Sadik, daga 5.7 zuwa 6.4 shi ne matakin gargaɗi, daga 6.5 zuwa sama kuma ciwon ne. Ka gode wa Allah da ka gano yanzu, domin a wannan matakin ana iya juya shi. An yi wani babban bincike a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, kan mutane irinka: waɗanda suka rage ƙiba suka riƙe motsa jiki, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, waɗanda aka ba maganin suga na metformin kuma da kashi 31.

Abin da ya sa ya ambaci tsoka: idan ka ci tuwo ko shinkafa, mafi yawan sukarin da ya shiga jini tsoka ce ke kwashe shi, musamman manyan nan na cinya da mazaunai da baya. Ka ɗauke ta kamar sito, insulin kuma mai riƙe da makulli. A jikinka kwaɗon ya fara cijewa, kaya na jibge a waje. To idan tsoka na aiki tana buɗe kanta ta ja sukari ko ba insulin, sannan bayan ka gama takan yi kwana ɗaya zuwa biyu tana jin insulin fiye da da. In ta ƙaru kuma, wurin ajiya ya ƙaru. Ga shi daga shekara 30 tsokar mutum raguwa take yi a hankali in ba a sa ta aiki, don haka mai furfura ya fi saurayi buƙatar abin.

Sarkin Tumatir, Mile 12: Maganar Sista haka take. Ku duba yaranmu 'yan dako, kwando a ka tun Asuba, su zauna su share malmala uku. Mu iyayen gida da ke kan benci muna ƙirga kuɗi, mu ne kullum a layin asibiti.

Sista Maman Hanan: Kada dai 'yan dakon su saki jiki, Alhaji. Akwai gado a ciki, kuma siriri ma yana kamuwa. Su ma su riƙa gwaji.

Baban Sadik: To tafiya fa? Ina taka ƙafa daga gida zuwa shago, ban da ranar da goslo ya sa na sauka daga danfo na ƙarasa.

Ɗan Surulere: Baba, tafiya na da kyau, kada ka bari, amma aikinta daban. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi minti 150 zuwa 300 a mako na irin tafiya da sauri, sannan a ƙara da aƙalla kwana 2 na ƙarfafa tsoka. Biyun ake so. Ni a Babban Filin Wasa na Ƙasa nake motsa jiki, kuma ina ganin dattawa da suka girme ka. Amma ban ba ka shawarar biyan kuɗin jim yanzu ba. Mutum zai biya na wata, ya je da zafinsa a makon farko, ciwon jiki ya kwantar da shi, shi ke nan kuɗi sun tafi.

Ka fara a tsakar gida. Samu kujera mai ƙwari ka jingina ta da bango. Ka zauna ka miƙe ba tare da dafa gwiwa ba, sau 10. Wajen zaman ka sauka a hankali, kada ka faɗa kanta, domin a saukar nan cinya ke cin wuya. Ka huta minti ɗaya, ka sake, har zagaye 2 ko 3. Sai ka dafa bango da tafin hannu biyu, ƙafa ta ɗan ja baya, ka kai ƙirji kusa da bango ka tura kanka. Sai ka dafa benci da hannu ɗaya, ka sunkuya baya a miƙe, ka jawo jarka zuwa kwiɓinka da ɗaya hannun. In da sauran ƙarfi ka yi ɗage a kan yatsun ƙafa ka sauko. Duka bai wuce minti 20 ba. Yau ka yi, gobe ka huta, jibi ka koma.

Sirrin shi ne a cikin sau 10 ɗin nan, na ƙarshe biyu su ba ka wuya. Ran da ka ga kana yin 15 kana hira, nauyi ya yi kaɗan, ka ƙara.

Direban Apapa: Kuma ba sai ka sayi ƙarfe ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Galan mai lita 5 kilo 5 ke nan, jarka mai 25 kuwa kada ka kusance ta a cike yanzu. Ledar fiya wata mai guda 20 kilo 10 ce cif, ka rungume ta a ƙirji ka yi zaman kujerar nan, za ka ba da labari. Ni in muna layin shiga tashar jiragen ruwa, da in kwanta ƙarƙashin mota gara in sauko in yi. Yaran mota tun suna dariya har sun shigo.

Hajiya Umma, Idi-Araba: Mu mata fa? Ni ciwon ya riga ya kama ni, ga gwiwa. Kuma ba zan je inda maza ke cire riga ba.

Maman Ilham: Hajiya, ki sa a sayo miki igiyar roba ta motsa jiki, masu sayar da kayan wasanni suna da ita, launi-launi, kowane da taurinsa. Ki fara da mai laushi. A ɗaki nake yi bayan yara sun tafi makaranta: in zauna a tabarma in miƙe ƙafa, in maƙala ta a tafin ƙafa in jawo zuwa ciki. Don gwiwa kuma, ki ɗora filo a kujera ta ƙara tudu, saukar ta ragu. Kada kuma wata ta tsorata ki da cewa za ki yi damtsen maza, wannan ba ya zuwa da igiyar roba.

Sista Maman Hanan: Hajiya, wane magani kike sha? Tambayar tana da muhimmanci.

Hajiya Umma, Idi-Araba: Metformin da wani ƙarami, glibenclamide.

Sista Maman Hanan: To ki ji da kyau. Metformin shi kaɗai da wuya ya kayar da suga ƙasa sosai, amma glibenclamide da allurar insulin suna yi, balle an haɗa da motsa jiki. Kada ki yi da yunwa. Ki gwada suganki kafin ki fara. In kin ji rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri ko bugun zuciya, ki tsaya ki gwada. In na'urar ta nuna ƙasa da 70 suga ya faɗi ke nan: ki sha cokali babba ɗaya na sukari ko zuma, ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi, ki jira minti 15 ki sake dubawa. Ki kuma gaya wa likitanki kin fara, wataƙila ya gyara adadin maganin. Ke dai kada ki rage da kanki.

Ga kowa kuma: kada a riƙe numfashi ana yunƙuri, yana cilla hawan jini sama, a fitar da iska lokacin tura nauyi. Wanda suga ya taɓa masa ido kada ya ɗaga abu mai nauyi sai likitan ido ya duba shi. Wanda ƙafarsa ta rage ji ya sa takalmi rufaffe, ya duba tsakanin yatsu bayan ya gama. Ciwon ƙirji kuwa babu jira, asibiti.

Malamin Obalende: Tambaya. Na gwada bayan na ɗaga nauyi sai na ga lambar ta hau, ba ta sauka ba. Na'urar ce ta lalace?

Sista Maman Hanan: A'a Malam, yana faruwa. Aiki mai tsanani na sa hanta ta saki sukarin da ta ajiye, sai ya hau na ɗan lokaci ya dawo. Ka duba na safe kafin karin kumallo a tsawon makonni, shi zai gaya maka gaskiya. HbA1c kuwa lissafin wata 2 zuwa 3 yake bayarwa, sake shi kafin nan ɓarnar kuɗi ce.

Sarkin Tumatir, Mile 12: A dai gaya wa Baban Sadik gaskiya, jarka ba za ta biya bashin burodin Agege da shayi mai gwangwanin madara ba.

Baban Sadik: Alhaji ka tona ni. Zan koma ƙosai da ƙwai, burodin rabi.

Malamin Obalende: Ka ƙara da wannan: ka ci abincin dare kafin Isha'i, ka tafi masallacin da ya fi nisa a ƙafa. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana rage hawan da suga ke yi.

Alhajin Alaba Rago: To Ɗan Surulere, zaman kujerar nan, mai shekara 64 zai iya? Ba don ni ba, wani nake tambayar wa.

Ɗan Surulere: Zai iya, Alhaji. Ka ce wa wanin ya fara da 5, ya dafa tebur in ya ji zai yi tangaɗi. Asabar bayan Asuba zan shigo Agege, duk mai so mu haɗu a bakin filin wasa in nuna yadda ake tsayuwar, don a rubuce ba ta fita sosai.

Direban Apapa: In layi ya sake ni zan zo. Kowa ya taho da galan ɗinsa, ni ba na ba da aro.