Endonym da exonym: me za mu ce da Hausa?

1/ 'Yan uwa masu fassara, ku taya ni. Ina aiki kan wani rubutu game da harsunan Gaelic, wato na Ayalan da Sikotilan da Tsibirin Man, sai kalmomi biyu suka tsayar da ni. Endonym shi ne sunan da mutane ke kiran kansu ko garinsu da shi, exonym kuwa wanda wasu ke kiransu da shi. Abin ba baƙo ba ne a wurinmu: mu ce Barebari, su ce Kanuri. Kalmar ce muka rasa.

2/ Wani malamina ya ce a sa "sunan yanka" da "laƙabi". Ya yi daɗin ji, har na rubuta. Amma Allah gafarta malam, Dublin, babban birnin Ayalan, ta hana.

3/ Asalin Dublin daga Gaelic yake, Dubh Linn, wato baƙin tafki. Mahara daga arewacin Turai, Vikings, suka ɗauka, daga baya ya zauna a bakin Ingilishi. Su kuwa masu harshen, Baile Átha Cliath suke cewa, garin mashigin ruwa da aka shimfiɗa wa saƙaƙƙun itatuwa. To wanne ne na yanka? Duka biyun a gida aka raɗa su, ɗaya ne ya fita waje. Ke nan bakin da ke kiran sunan shi ne ma'auni, ko a ina aka raɗa shi.

4/ Laƙabi ma bai zauna ba. Idan ɗan Ayalan ya ce Sasana, daga sunan ƙabilar Saxon, ba tsokanar Ingila yake yi ba, sunanta ke nan a harshensa. Haka Wales, An Bhreatain Bheag, ƙaramar Birtaniya, alhali mutanenta Cymru suke cewa.

5/ Wata 'yar uwa ta kawo "sunan baƙi". Matsalar ita ce za a ɗauka sunan da ake kiran baƙi ne. Kuma ga wani garin Ayalan, Dún na nGall, da Turawan Ingila suka mayar Donegal: ma'anarsa ganuwar baƙi, amma 'yan gida ne ke faɗinsa.

6/ Ni dai na tsaya a kan "kiran gida" da "kiran waje". Ku gwada a jimla: Éire da Alba kiran gida ne, Ayalan da Sikotilan kiran waje. A 1821 aka sa wa wani garin gaɓar teku a Ayalan suna Kingstown don karrama Sarki George na Huɗu, a 1920 aka koma wa kiran gida, Dún Laoghaire.

7/ Malaman Zinder da Maraɗi, ko "kira" a nan zai rikice muku da kiran sallah ko kiran waya? In haka ne ku faɗa kafin in miƙa aikin ranar Litinin.