Shin zoben fistin yana juyawa idan inji na aiki, ko bakanikena ne ya yi min wayo?

Ɗan Kurna:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, amma sai na ba ku labarin asalinta, don gardama ce da ta kusa raba ni da bakaniken da muka shekara tara tare.

Ina da Golf 3 mai inji 1.8, da ita nake ɗauko kaya daga Kantin Kwari zuwa shagona. Kafin azumin bara ta fara shan baƙin mai, duk bayan kwana huɗu sai na ƙara, ga hayaƙi shuɗi-shuɗi daga salansa musamman in na taka ta a kan gadar Ƙofar Nassarawa. Na kai ta gareji aka sauke inji. Ni da ƙafata na je Ƙofar Ruwa na sayo sababbin ringis, wato zobban da ake sa wa fistin da ke hawa da sauka cikin silinda, da gaskit. Ranar haɗawa ina zaune a kan benci ina kallo. Na ga ogan ya sa zoben sama ya juya bakinsa, wato tsagar da ke jikinsa, gabas, na biyu ya mai da bakinsa yamma, na uku mai kankare baƙin mai kuma ya kai shi wani ɓangaren, yana ta yi wa yaronsa faɗa cewa in bakunan suka haɗu a layi ɗaya inji zai zubar da ƙarfi. Fistin biyu na gani an haɗa, sai aka kira Azahar na tafi masallaci. Kafin in dawo an gama sauran.

Wata bakwai hayaƙi ya dawo. Shekaranjiya aka sake buɗewa, aka zaro fistin na uku, sai ga bakin zoben sama da na biyu sun kusa daidaita, kamar an ja musu layi. Ƙanena yana wurin, nan take ya ce ai ga shaida, ba a raba su ba tun farko. Oga ya dafa kai ya ce, "Wallahi Alhaji na raba su, da kansu suka juya." Ƙanena ya kwashe da dariya ya ce zoben da ke manne da bangon silinda kamar zobe a yatsan mai ƙiba, wa zai juya shi, aljani?

To masana, zoben nan yana juyawa ko ba ya yi? In yana juyawa, mene ne amfanin raba bakunan? In kuma ba ya yi, gobe zan je in karɓi kuɗin aikina.

Baba Mai Sifana:

Wa alaikumus salam. Yaro, kada ka je karɓar kuɗin nan tukuna. Yana juyawa. Sama da shekara talatin ina buɗe injuna, ban cika samun zobe a inda na bar shi ba, sai dai in ya maƙale.

Ba sai ka yarda da ni ba, je ka wurin mai gyaran ƙaramin janareta, irin Tiger ɗin nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, ka ce ya nuna maka fistin. Ka leƙa cikin kwarmin da zobe ke zama, za ka ga wani ɗan ƙarfe kamar kan allura an dasa shi a ciki. Bakin zoben a kansa yake zama, shi ke hana shi zagayawa. Haka yake a tsohuwar Vespa da Suzuki AX100 da muka fara koyon aiki a kansu. Dalili kuwa, waɗannan injunan tu-siturok ne, ba su da bawul, ramuka ne a jikin silinda inda mai ke shiga hayaƙi ke fita. In aka bar zobe ya juya, bakinsa ya zo daidai ramin salansa, sai ya ɗan buɗe ya kama gefen ramin ya karye, ya kartar maka da silinda gaba ɗaya. To in da zobe ba ya juyawa da kansa, me zai sa masu ƙera inji su wahalar da kansu wajen dasa wannan ƙusa? Ba a ɗaure akuyar da ba ta yawo.

Injin motarka ba shi da ramuka a bangon silinda, shi ya sa ba a ɗaure nasa ba.

Mai Adaidaita Sahu:

Baba, da girmanka, amma ni fa ban gamsu ba. Fistin sama da ƙasa kawai yake yi, konrod, sandar ƙarfen da ke haɗe da shi ta ƙasa, ta riƙe shi ba ya iya ko waiwaye. Daga ina ƙarfin juyawar zai zo? Kuma ni na taɓa buɗe injin keke na bayan wata biyu da yin aiki saboda gaskit, na tarar da zoben kusan inda muka ajiye su.

Malamin Fasaha:

Ɗan uwa mai adaidaita, fistin ne ba ya juyawa, wannan gaskiyarka ce. Amma zobe ba a ɗaure yake da fistin ba, zaune kawai yake a kwarminsa da 'yar rata sama da ƙasa, mai na tsakaninsu. Kafin a zura fistin a silinda gwada da yatsa, za ka zagaya da shi ba wahala.

Abin da ke tura shi ba abu ɗaya ba ne. Idan aka goge silinda da dutsen honin, ana barin wasu siraran zane masu gicciye juna kamar saƙar tabarma, domin su riƙe mai. Zanen a karkace suke, don haka duk sanda zobe ya bi ta kansu suna ɗan ture shi gefe. Sannan fistin ba ya sauka a miƙe sak, yana ɗan jingina da bango ɗaya in wuta ta buga, ya koma ɗayan in zai hau, domin konrod a karkace take tura shi. Akwai kuma ɗan lokaci a kowane zagaye da zoben ke ɗagowa daga ƙasan kwarmi ya koma sama, a lokacin kusan babu abin da ya riƙe shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan motsi bai kai a gani da ido ba. Amma ka yi lissafi: inji a kan gudu 3,000 a minti, fistin na hawa da sauka sau 50 a kowace daƙiƙa. Daga Kurna zuwa Kwari sau nawa ke nan?

An ma auna abin. Masu bincike sun dasa ɗan ƙanƙanin sinadari mai fitar da haskoki a jikin zobe, suka sa na'ura a wajen inji tana bin inda yake yayin da injin ke aiki. Sun ga juyawar a hankali take ƙwarai in aka kwatanta da gudun inji, 'yan zagaye ne a minti ɗaya, wani lokaci ma ba ya cika ɗaya. Kuma ba ta da tsari: zobe ya yi dama, ya tsaya, ya dawo hagu, na sama da na biyu kowa da tasa tafiyar, ya danganta da nauyin da inji ya ɗauka da gudunsa. Saboda haka samun naka kusa da inda ka bar shi bai nuna bai motsa ba. Agogo ma in ka duba shi sha biyun rana ka sake dubawa sha biyun dare, a wuri ɗaya za ka tarar da hannunsa.

Juyawar nan alheri ce. Ita ke sa zobe ya ci daidai ko'ina, ta kuma hana baƙin dattin ƙuna taruwa a kwarmi. Zoben da ya daina juyawa shi ne abin tsoro, domin galibi ya maƙale ne, kuma za ka gane shi da wani baƙin zane da ke gangarowa a jikin fistin daga ƙarƙashin bakinsa.

Batun raba bakuna kuwa, ana yi ne saboda tashin farko, lokacin da zobe bai gama kwanciya da bango ba, kuma ba ya cin kuɗi ko lokaci, littattafan gyara ma sun ce a yi. Amma mutane sun ɗauke shi fiye da matsayinsa. Bakin sabon zobe a injin irin naka, mai faɗin silinda milimita 81, wajen milimita 0.3 ne, kuma in ƙarfen ya yi zafi ya miƙe sai ratar ta ƙara tsukewa. Don miƙewar ma aka bar ta, in babu ita bakunan za su tokari juna zoben ya karye. Ko da biyu sun daidaita, iskar da za ta bi ta wannan 'yar kafa ba ta kai ta sa mota hayaƙin da ka kwatanta ba. Zobe mai tsagar nan tsoho ne, wani injiniyan jirgin ƙasa a Ingila, John Ramsbottom, ya ɓullo da shi a shekarun 1850 don injin tururi, tun kafin jirgi ya iso Kano a 1911, kuma har yau da tsagarsa ake amfani da shi.

Ni a ganina Ɗan Kurna ya nemi dalilin hayaƙinsa a wani wurin.

Baba Mai Sifana:

Malam ya gama magana. Ni uku zan tambaye ka. Da aka sauke injin an auna silinda ko ringis kawai aka zuba? In ka sa farce a saman silinda ta uku kana jin gaɓa? Kuma ka duba zobe na biyu, yana da ɗigo ko rubutu a fuska ɗaya, wannan fuskar sama take kallo. In yaro ya kife shi, maimakon ya kankaro mai ƙasa sai ya riƙa tura shi sama yana ƙonewa.

Ka sa a cire zoben daga fistin, a zura shi shi kaɗai cikin silinda, a daidaita shi da kan fistin, a auna bakin da fila geji, siraran ganyayen ƙarfen nan na auna rata, a gabanka. A auna a sama inda ya fi ci, a sake aunawa can ƙasa. Silindar da ta ci ta zama kamar ƙwai, na sha ganin bakunan suna taruwa a gefe ɗaya su zauna.

Ɗan Kurna:

Na gode Baba, na gode Malam, Allah Ya ƙara basira. Yau da safe na je garejin da ƙanena, muka yi yadda Baba ya ce. Zobe na biyu daidai yake, ɗigonsa na sama. Amma da na sa farce a silinda ta uku sai da ya tsaya cak a gaɓar. Bangon kuma sumul kamar madubi, babu ko alamar zanen da Malam ya faɗa. Da aka auna bakin zoben a ƙasa bai yi muni ba, da aka matso da shi sama sai da aka haɗa ganyen geji biyu, ya haura milimita ɗaya. Oga ya ce duk cin da silinda ta yi a faɗi, bakin zobe ninkinsa uku yake buɗewa.

Sai kuma ya tuna min abin da na so in manta. Ranar da aka fara sauke injin ya ce min, "Alhaji bulok ɗin nan yana son borin, a sa fistin obasayiz." Wato a faɗaɗa ramukan silinda a sa fistin da ya ɗan fi girma. Ni na ce masa Sallah ta matso, ga ɗinkin yara, ya sa ringis kawai mu lallaɓa. Yaronsa ma ya shaida, har ya faɗi kalar hular da na sa ranar. Ƙanena tun daga nan ya koma duba waya.

Na ba ogan haƙuri, ya ce ba komai, amma shayi da burodin yara na yau a kaina. An ɗora bulok a adaidaita an kai wurin masu borin, sun ce ranar Talata za su faɗa min ko ƙarin faɗin milimita 0.50 zai wadatar ko sai an sa silif, wato a zura sabon bututun ƙarfe cikin silindar. A hanyar dawowa na tsaya wurin mai gyaran janareta a bakin layinmu, ya zaro min wani tsohon fistin daga cikin gwangwani, na ga ƙusar da Baba ya faɗa, ƙarama ƙwarai har sai da na kunna fitilar waya. Baba, in an haɗa, kilomita nawa zan yi ina lallaɓa ta kafin in fara lodi, kuma yaushe zan juye man farko?