Gwangwani uku na maɓallan Baba: ina so in mai da su 'yan kunne da awarwaro, ku ba ni shawara

Maman Nafisa, Karkada:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina wuninku, ya zafi? Shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri zan ɗan ja zance.

Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, tela ne. Ya fi shekara 30 yana ɗinki a bakin Kasuwar Dole. Da aka zo kwashe shago bayan rasuwarsa, yayanmu ya ɗauki keken ɗinki, ni kuma aka bar mini tarkace. A cikin tarkacen na tarar da gwangwanin madara uku cike da maɓallai. Baba ba ya yar da maɓalli. Ko tsohuwar riga za a yanka a yi tsumma, sai ya ɓalle maɓallanta ɗaya bayan ɗaya ya jefa a gwangwani. Ranar da na juye su a faifai, tun hantsi nake tonawa har aka kira la'asar: ga na kwat masu ƙafa a baya, ga na rigar 'yan makaranta, ga wasu farare masu walƙiya kamar an shafa musu mai, har da guda shida masu ruwan zuma da na gane na rigar sallarsa ne. Na kasa zubarwa, na kasa bayarwa.

Sai na haɗa wa Nafisa 'yan kunne da guda biyu, na liƙa su da gam a jikin ƙugiyar da na saya a kasuwa. Ta sa ta je suna, mata uku suka ce suna so. Na yi musu, kowace dala hamsin. Ba a yi sati biyu ba ɗaya ta aiko da nata, maɓallin ya ɓalle daga ƙugiya. Ta biyun kuma ta ce kunnenta ya yi ja yana ƙaiƙayi har yana ɗan ruwa. Wallahi kunya ta hana ni barci a daren nan. Ga kuma wata ƙawata da ta ce mini a Damagaram, garin maƙera da dukawa, babu macen da za ta bar azurfa ta rataya maɓallin riga a kunne.

To me zan yi ya daina ɓallewa? Me ya kawo ƙaiƙayin nan, maɓallin ne ko me? Kuma tsakani da Allah, abin nan sana'a ce ko in haƙura in yi wa 'ya'yana kawai?

Hajiya tela, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya gafarta wa mahaifinki, ya kai haske kabarinsa. Mu tsofaffin teloli duk haka muke, kowa da gwangwaninsa.

Kafin ki sake yin ko ɗaya, ki zauna ki ware su, don ba duka ne na ado ba. Ki samo maganaɗisu, ko na tsohuwar rediyo ne, ki bi ta kan na ƙarfen. Duk wanda ya manne baƙin ƙarfe ne aka yi wa fenti, gumi na taɓa shi zai yi tsatsa ya ɓata wa mace wuyan riga, ki ajiye shi gefe. Fararen nan masu walƙiya kuwa ki ɗora ɗaya a kumatunki. In kin ji sanyi, kin juya bayansa kin ga ba sumul yake ba, akwai ɗan dabbare-dabbare, to na bawon ƙumba ne, ba roba ba. Su ne masu daraja a gwangwanin nan, kada ki sayar da su dala hamsin. Na roba ki wanke da ruwan ɗumi da sabulu. Na itace da na ƙaho kada ki jiƙa, ki goge da tsumma mai ɗan lema, in ba haka ba su kumbura su tsage.

Maganar ɓallewa kuwa, 'yata, maɓalli da hujinsa aka yi shi. Me ya kai ki gam? Ki ɗinke shi. Abin da aka ɗinke ba ya jin rana.

Baduku, Birni:

Hajiya ta gama magana, ni ƙari zan yi daga wajenmu na masu fata. Ƙanwata, gam ɗin nan na bindiga da ake narkawa da wuta ba na ƙasarmu ba ne. Zafi ke narka shi, zafi kuma ke sake shi. A watan Afrilu da Mayu nan garin muna wuce digiri 40, mace ta ajiye 'yan kunne a ɗakin kwano ko a jaka cikin mota, me kike tsammani? Shi kuma ɗan ƙaramin gam mai kama yatsa nan take, yana bushewa ƙarau kamar gilashi, abu na faɗuwa ƙasa ya ɓalle, sannan yana barin farin tabo a fuskar maɓalli. In har dole sai an liƙa, kamar ɗan kunne mai tsinke da ba shi da wurin ɗauri, ki nemi mai tulu biyu da ake gaurayawa, irin su Araldite. Ki fara kankare bayan maɓallin da magagari ya yi kaushi, ki goge ƙurar, ki shafa kaɗan, ki bar shi ya kwana. Kada ki taɓa shi sai gobe, ko da ya yi kamar ya kama.

Amma ga abin da na fi so ki gwada. Ki zo wajen dukawa ki sayi gutsattsarin fata, ragowar da muke yankewa daga jaka da takalmi, ba ta da tsada. Ki yanka siririya daidai zagayen hannu ki bar ɗan rara. Ki jera maɓallai a kai, ki huda da basilla, ki ɗinke kowane da zare mai ƙarfi da kika ja cikin kakin zuma sau biyu ko uku. Kakin ke hana zare tsinkewa da shan gumi. A bakin ƙarshe ki sa babban maɓalli guda, ɗaya bakin ki yi masa hanci da fatar. Kin ga ke nan maɓallin ne makullin awarwaron, ba ki sayi ƙarfen rufewa ba. Jar fata da farin maɓallin ƙumba, wallahi sai kin gani da idonki.

Abu ɗaya: kowane maɓalli ki ƙulle zarensa daban. In kika bi su duka da zare guda, ranar da ya tsinke a wuri ɗaya duk za su watse a ƙasa. Kuma ki guji zaren kamun kifi a maɓallin ƙarfe, bakin hujin yana cinye shi a hankali.

Maman Nafisa, Karkada:

Na gode Hajiya, na gode Yaya. Masu ƙafa a baya fa? Su ne suka fi kyau amma ba sa kwanciya, sai su riƙa karkacewa.

Baduku, Birni:

Kada ki yanke ƙafar in a fata za ki sa. Ki huda fatar, ki tura ƙafar ta fito ta baya, ki zura siririn tsirkiyar fata ta cikinta. Zai zauna daram. Sai in ɗan kunne za ki yi ne za ki datse ta da ƙaramin awartaki ki goge wurin.

Malamar asibiti, Tudun Jamus:

'Yar uwa, ki kwantar da hankalinki game da kunnen matar nan, da wuya a ce maɓallin ne. Ƙugiyar ce. Masu arahar nan yawanci akwai ƙarfen nikel a cikinsu, kuma shi ne kan gaba wajen sa fata ƙaiƙayi da ƙuraje in an sa ado na ƙarfe. Gumi ke narko shi kaɗan-kaɗan ya shiga hujin kunne. Ba kowa yake damu ba, shi ya sa Nafisa ba ta ji komai ba, amma wadda jikinta ya ƙi shi ya ƙi ke nan, duk ranar da ta sa zai tashi. Ƙasashen Turai tun 1994 suka kafa doka a kan yawan nikel da zai fita daga kayan da ke taɓa fata. Mu nan abin da aka kawo shi muke saye, don haka ke za ki kula da kanki.

Ki ce mata ta cire, ta wanke da ruwa da sabulu, ta huta da sa 'yan kunne har wurin ya warke. In ya kumbura ko yana fitar da mugunya ta zo asibiti, kada ta tsaya shafe-shafe. Ke kuma ki koma ƙugiyar inoks mai kyau, wato farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, ko ki je wajen maƙerin azurfa ya lanƙwasa miki ƙugiyoyi. Wasu suna shafa man farce marar launi a kan ƙugiya. Yana ɗan taimakawa na kwanaki, amma yana gogewa, ba abin da za ki dogara da shi ki sayar wa mutane ba ne.

Sai abin da ya fi damuna. Ki tone gwangwanin nan da kyau ki ga ko akwai batirin agogo a ciki, ɗan zagayayyen nan mai kama da maɓallin ƙarfe. Tsofaffi suna jefa shi tare da su. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa 2 yana iya ƙona naman wurin. Maɓallan ma kansu kada ki baza su a tabarma inda mai rarrafe yake, kuma kada ki yi wa yaron da bai kai shekara 3 ba abin hannu da su. Mun sha ciro irinsu daga hancin yara.

Inna Ladi, Garin Malam:

Ni dai zan faɗi gaskiyata ko ba za a ji daɗi ba. Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba. Matan garin nan sun san ado. Amarya tana son a ce zinariya ce, ko azurfar Buzaye, ko a ƙalla 'yan Dubai. In kika shimfiɗa 'yan kunnen maɓalli a faranti kika ce a saya, za a ɗauka a juya a ce ai na riga ne a ajiye. Ki yi wa yaranki, ki yi kyauta, amma kada ki zuba kuɗin cefane a ciki.

Hajiya tela, Sabon Gari:

Ladi, wa ya ce ta yi gasa da maƙera? Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Maƙeri ba zai iya yi wa mace ɗan kunne mai launin atamfarta ba, ita kuwa za ta iya.

'Yata, ji nan. Duk bikin da za a yi a garin nan sai an fitar da anko, kuma duk tela yana share ƙyallayen ankon nan ya zubar. Ki ɗauki manyan maɓallan roba, waɗanda suka koɗe ba su da kyan gani. Ki yanka ƙyalle zagaye, faɗinsa ninki biyu na maɓallin. Ki bi gefensa da ɗinkin tsalle-tsalle, ki sa maɓallin a tsakiya, ki ja zare. Zai tsuke ya rufe shi ruf kamar an ɗaure bakin jaka. Ki ƙulle, ki rufe bayan da ɗan guntun fata, ki ɗinka ƙugiya a jiki. Ki lura wajen yankan furen atamfar ya faɗo a tsakiya, nan gwanintar take. Wa zai ce maɓallin riga ne? Ƙawayen amarya 20 sun yi anko, kowace da ɗan kunne da abin ɗaure gashi na zanen jikinta. Ba faranti za ki ɗauka ba, uwar biki za ki samu tun ana rabon anko, ki karɓi rabin kuɗi kafin ki fara. Ki zo shagona ki kwashi ƙyalle, buhu guda ne a bayan ƙofa.

Inna Ladi, Garin Malam:

To wannan kam na yarda. In na anko ne ni ma zan saya wa 'yan matana.

Abban Sadiya, Zango:

Salamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina zuwa Kano sari. Ƙugiyoyi da ƙananan zobban haɗi da waya a can ake samunsu da ƙulli, sun fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan sayen ɗaiɗai. Ki ba wani amintacce saƙo, amma ki ce ya kawo kaɗan tukuna ki gwada a kunnenki sati guda. Kuma Maman Nafisa, dala hamsin ɗin nan da kika sa, kin lissafa ƙugiya da zare da kuɗin kabu-kabu zuwa kasuwa da wunin da kika yi a zaune? Don maɓallin gado ne ba ki saya ba, ba shi ne zai sa ki ɗauke shi kyauta ba. Gwangwani uku za su ƙare. Ki sa masa kuɗi tun yanzu kamar saye kika yi, don ranar da kika fara bin teloli kina saye farashinki ba zai yi tsalle ba. Kada kuma ki manta da maza: mariƙin makulli na fata da babban maɓallin kwat, masu babura za su saya. In hannunki ya faɗa, akwai baje kolin SAFEM na sana'o'in mata da ake yi a Yamai, matan jihohi suna kai kayansu.

Maman Nafisa, Karkada:

'Yan uwa na dawo, yau kwana tara. Malama, Allah ya saka miki: batir biyu na tsinta a gwangwani na uku, ga autana yana rarrafe. Jikina har yanzu rawa yake in na tuna. Na je gidan matar nan na ba ta haƙuri na mayar mata da kuɗinta, kunnen ya warke.

Ranar Alhamis na shiga kasuwa na sayi fata da basilla da kakin zuma. Awarwaro na farko ya karkace don ban auna tazarar hujin ba, na warware na sake. Na biyun yana hannuna kwana biyar ke nan, ina wanke-wanke ina daka, ko ɗaya bai motsa ba. Hajiya, na zo shago ban same ki ba, yarinyarki ta ba ni ƙyalle. Na rufe guda takwas, uku sun yi tattara a gefe, ina jin atamfar ta yi kauri ne ko kuma ɗinkina ya yi faɗi. Zan kawo miki gobe bayan azahar ki duba.

Guda shidan nan masu ruwan zuma na rigar Baba ba na sayarwa ba ne. Mu shida ya bari. Yaya baduku, in na kawo su za ka yi mini mariƙin makulli shida, kowa da nasa?

Baduku, Birni:

Kawo su ƙanwata, ran Asabar da safe. Ki taho da zarenki da basillarki, ni zan yanka fatar, ke za ki ɗinka.