Neman taimako kan dangin kwaɗin Conraua

Assalamu alaikum, malamai da masana ilimin halittu. Ni malamin sakandare ne a Kumasi, ina shirya wa ɗalibaina darasi kan rabe-raben kwaɗin Ghana, kuma aikin ya cije mini a kan jinsin Conraua, wato kwaɗin da ke zaune a rafuka masu gudu, waɗanda babbansu, Conraua goliath na Kamaru, ya fi kowane kwaɗo girma a duniya.

Tsofaffin littattafai sun sanya jinsin a dangin Ranidae, rabon shekarar 2006 ya mayar da shi Petropedetidae, sannan daga 2011 aka ware masa danginsa na kansa, Conrauidae, bisa binciken ƙwayoyin gado. Ni dai na fi karkata ga na ƙarshen, amma littafin da ɗalibai ke riƙe da shi bai kai nan ba, shi ya sa nake roƙon a ba ni shawara kan wanda ya kamata su rubuta a jarrabawa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kwaɗin dajin Atewa da ke nan Ghana. An daɗe ana lissafa su cikin Conraua derooi, wanda aka bayyana a 1972 daga Togo, sai a 2021 aka tabbatar da cewa nau'i ne dabam, aka sa masa suna Conraua sagyimase. Shin bayanan Atewa da aka rubuta kafin 2021 zan mayar da su duka ƙarƙashin sabon sunan, ko in bar su da tsohon tare da ɗan ƙarin bayani? Allah ya saka da alheri.