Shin gajerun finafinai na yi wa ƙawaye adalci?

Malamar makaranta: Assalamu alaikum. Na daɗe ina lura da gajerun finafinan da masu shirya fim masu zaman kansu ke yi kan 'yan mata masu tasowa, kuma kusan kullum ƙawaye ne ke jan yarinya zuwa abin da za ta yi da-na-sani, sannan yayarta ta zo ta tsamo ta. A ganina wannan rashin adalci ne ga ƙawaye, domin ba haka rayuwar 'yan mata take ba.

Uwar 'yan mata: Wa alaikumus salam. Malama, ban yarda da ke ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma masana sun gwada abin. A shekarar 2005 Margo Gardner da Laurence Steinberg na Jami'ar Temple a Amurka sun sa matasa wasan tuƙin mota a kwamfuta, suka ga sun fi yin kasada idan sa'o'insu na tare da su, alhali manya ba su canza sosai ba. Mai fim bai ƙirƙiro komai ba.

Malamar makaranta: Hajiya, binciken gaskiya ne, amma bai nuna cewa ƙawaye mugaye ne ba. Da Steinberg da abokan aikinsa suka sake gwajin a 2011, sa'o'in suna wani ɗaki ne suna kallo kawai, duk da haka kasadar ta ƙaru. Ashe yarinya na iya jefa kanta cikin haɗari ba tare da kowa ya ce mata uffan ba, sanin cewa ana kallonta ya isa. To, wa ta fi son ya gan ta a matsayin wadda ta girma, in ba yayarta ba?

Mai shirya fim: Ku ba ni dama in faɗi abin da ke faruwa ta ɓangarenmu. Gasar gajerun finafinai ta bikin Cannes a Faransa ba ta karɓar fim ɗin da ya wuce minti 15, su kuma masu bayar da kyautar Oscar sun tsayar da iyakar gajeren fim a minti 40. A cikin wannan ƙanƙanin lokaci ba ka da sararin gina ƙawa mai fuska biyu, wadda za ta ingiza yarinya da rana sannan ta rufa mata asiri da dare, don haka sai ka raba aikin gida biyu: ɓarna ga ƙawa, ceto ga yaya, tunda mai kallo na gane alaƙar jini ba sai an yi masa bayani ba.

Ɗalibar fim: Yaya, ka yi haƙuri, amma ƙarancin lokaci ba uzuri ba ne. Ka ɗauko yarinya 'yar shekara 13 tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon yayarta na kwalliya a madubi, yayar ta juyo ta ce mata, "Ke yarinya ce, ba za ki bi mu ba." Wannan bai kai rabin minti ba, kuma duk abin da ƙanwar za ta aikata daga baya don ta burge ƙawayen yayar, daga wannan magana ya samo asali. Yayar ba ta yi da mugun nufi ba, wataƙila ma kare ta take so ta yi, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Uwar 'yan mata: 'Yata, a nan kam kin taɓa ni, domin na ga yadda ƙarama ke ɗaukar takalmin babba a ɓoye ta gwada shi ko da ya yi mata yawa. Amma har yanzu ina nan a kan bakata cewa ranar da abu ya lalace, ƙawaye watsewa suke yi, 'yar'uwa ce ke tsayawa.

Malamar makaranta: Wani lokacin haka ne, Hajiya. Sai dai a ajina na sha ganin yarinya ta ɓoye wa yayarta abin da ke damunta don tsoron kada maganar ta kai ga iyaye, ta je ta faɗa wa ƙawarta, kuma ƙawar ce ke kawo ta wurina.