Neman kalma: keypad da display na rediyon oba-oba

Tafinta:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina fassara takardar koyar da direbobin motar asibiti amfani da rediyon HF, wato oba-oba mai cin dogon zango, irin ta kamfanin Icom da ake ɗaurawa a mota. Ranar Alhamis zan miƙa. Jimla ɗaya ta tsaya mini a wuya: yadda za a shigar da lambar tasha da keypad ɗin gaban na'urar, a duba ta a display, sannan a danna ENT. Front panel ma ban samu ba. A taimaka.

Malamin Hausa:
Wa'alaikumus salam. Keypad ba wuya. Danna, madanni, madannai, kamar buɗe da mabuɗi. Kada ki sa maɓalli, wannan na riga ne.

Mai Gyara:
Madannai ya zauna. Display kuwa, mu a Farm Center, kasuwar waya ta Kano, gilashi muke cewa, ko sikirin. Mutum ya zo ya ce gilashin wayata ya fashe, kowa ya gane.

Malamin Hausa:
Gilashi da sikirin duk aro ne. Na daɗe ina ba da shawarar mabayyani, abin da ke bayyana lamba. Ɗalibaina sun karɓe shi. Sai yaushe za mu daina bara a ƙofar Turanci?

Ɗan Maraɗi:
Allah ya gafarta Malam, mu nan ekaran da kilabiye ake ji, Faransanci ke nan. In takardar za ta tsallako iyaka, sikirin ba zai yi ba. Me zai hana allo?

Malamin Hausa:
Allo ya fi, aƙalla namu ne.

Ɗan Maraɗi:
Ai allo ma daga Larabci ya zo, Malam. Ya dai daɗe ne har ya zama ɗan gida.

Malamin Hausa:
Kalmar da ta shekara ɗaruruwa a makarantar tsangaya ba ɗaya take da wadda aka tsinta jiya a kasuwa ba. Abin da ke ci mini rai, masu Swahili sun zauna sun ƙirƙiri tarakilishi don kwamfuta, mu kuwa kullum sai mu ce jama'a ba za su gane ba.

Mai Gyara:
Kasuwar da ake rainawa ita ta haifi oba-oba, kuma ba wanda ya zauna taro a kai.

Tsohon Soja:
Ku yi haƙuri in sa baki. Shekaru na yi ina riƙe da irin wannan rediyo. Da dare, mota na tsalle a ramuka, fitilar na'urar ce kaɗai ke haska yatsunka. Kana lalubar lamba, ka kuskure sifili ɗaya, sai ka faɗa wata tasha, ba ka jin komai sai shuuu. A wannan lokacin wanda ke ɗaya ɓangaren zai ce maka "duba gilashi, me ka gani?" In ya ce mabayyani, sai direba ya tsaya tambaya, ga mara lafiya a baya. 'Yata, ki sa kalmar da kunnensu ya sani.

Tafinta:
Na gode Baba. To front panel fa? Na so in ce fuska, amma mutane na cewa fuskar waya suna nufin gilashin.

Tsohon Soja:
Fuskar rediyo ita ce gaban duka: madannai, gilashi, lasifika, da abin murɗawa. Ki sa hoto da kibiya a shafin farko.

Tafinta:
Ga yadda na rubuta: "A fuskar rediyo, shigar da lambar tasha da madannai, duba ta a gilashi, sannan ka danna ENT."

Malamin Hausa:
Madannai da fuska na yarda. Gilashi ban yarda ba, amma Alhamis ta matso. Ki sa mabayyani a jerin kalmomi na ƙarshen takardar, ko mutum ɗaya ya gani.

Ɗan Maraɗi:
Abin murɗawar nan fa, mamurɗi za a ce?

Tafinta:
Wannan sai bayan Alhamis.