Zara da Gamzaki, tauraro ɗaya ne ko biyu?

Ɗan Tudu:
Assalamu alaikum. Daren jiya ba wuta, muna kan tabarma a tsakar gida bayan magariba, sai kakata ta nuna wata tauraruwa mai haske a yamma, kusa da jinjirin wata, ta ce ga Zara matar wata. Ƙanina ɗan aji uku ya ce malaminsu ya gaya musu ita ce dai Gamzakin da ke fitowa da asuba, kuma wai ba tauraro ba ce ma. Kaka ta ce shekararta tamanin tana ganinsu, biyu ne. Ban so na ƙaryata tsohuwa ba, amma abin ya tsaya mini a rai. Wa ya fi gaskiya?

Malamar Kimiyya:
Wa'alaikumus salam. Ƙaninka na da gaskiya. Ita ce Larabawa ke kira Zuhura. Duniya ce irin tamu, ba ta da hasken kanta, na rana take maidowa, kuma kusancinta da mu ne ya sa ba ta ƙyaftawa kamar taurari. Ta fi mu kusa da rana, tana zagaye ta cikin kwana 225, don haka ba ta yin nisa da ita a sararin sama. Wajen wata takwas tana bin bayan rana da magariba, sai ta ɓace, sannan ta dawo ta gabas tana riga rana fitowa. Ka gwada: muddin Zara na yamma, ba za ka sami Gamzaki da asuba ba. In ka ga wani mai haske a lokacin, wataƙila Mushtari ne, wata duniyar daban.

Ɗan Tudu:
Na gode, Malama. Yanzu na gane dalilin da ban taɓa ganin ta da tsakar dare a saman kai ba.

Tsohon Manomi:
Yaro, kada ka yi wa kakarka gardama a gaban yara, ka tashe ta da asuba ku duba tare. Malama, Kaza da 'ya'yanta fa? Mu lokacin girbi muke ganin ta tana tasowa daga gabas bayan magariba.

Malamar Kimiyya:
Baba, waɗannan taurari ne na gaske, ranaku ne masu wutar kansu. Ido na ƙirga shida ko bakwai, amma sun kai dubu. Hasken rana minti 8 yake yi ya iso mu, nasu kuwa shekara kusan 440. Wanda za ka gani yau ya baro can tun ba a haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba.